Mercer Cook: Malamin Faransanci da Ya Zama Jakadan Amurka a Yamai

A shekarar 1961, Jamhuriyar Nijar tana da shekara guda da samun ƴancin kai, shugaba John Kennedy ya naɗa jakadan da zai zo ya zauna a Yamai. Kafin wannan lokaci jakada ɗaya ne, mai mazauni a Abijan, ke riƙe da hulɗar Amurka da ƙasashe huɗu na yankin, har da Nijar. Wanda aka aiko dattijo ne ɗan shekara 58, baƙar fata, wanda ya shafe fiye da shekara talatin da alli a hannu yana koyar da Faransanci. Sunansa Will Mercer Cook. Bai taso cikin ma'aikatar harkokin waje yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya ba. Harshe ne ya kai shi wannan kujera, kuma da ya sauka daga kanta ga harshen ya koma. Tarihinsa ya cancanci ɗalibin ilimin harsuna ya tsaya a kansa, domin yana nuna nisan inda sanin harshe ke iya kai mutum, yana kuma nuna inda yake tsayawa.

Gidan mawaƙa

An haifi Mercer Cook ranar 30 ga Maris 1903 a birnin Washinton. Mahaifinsa, Will Marion Cook, gwanin gogen Turawa ne da ya yi karatun kiɗa a Balin ta Jamus, sannan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka. A shekarar da aka haifi ɗan nasa ne aka nuna wasansa mai suna In Dahomey a babban dandalin wasanni na New York, wasan da baƙaƙen fata suka rubuta suka kuma taka da kansu, daga nan aka ƙetara da shi Landan. Mahaifiyarsa, Abbie Mitchell, zabiya ce kuma ƴar wasan kwaikwayo da ta yi suna a Amurka da Turai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron ya tashi da kunnen da ke rarrabe amo da karin murya, kuma wannan baiwa ce da mai koyon baƙon harshe ke buƙata kafin komai.

Sai dai Washinton ta wancan zamani gari ne na wariya. Makaranta daban, wurin cin abinci daban, unguwa daban. Cook ya yi sakandare a makarantar Dunbar, wadda aka keɓe wa ƴaƴan baƙaƙen fata. Wariyar da ta hana ƙwararrun malamai baƙaƙe aiki a manyan jami'o'in farar fata ita ce ta tara su a wannan makaranta, har ta zama ɗaya daga cikin mafi inganci a ƙasar. Daga can ya wuce kwalejin Amherst, ya gama a 1925. Ya tafi Faransa, ya samu takardar shaidar koyarwa a Jami'ar Paris a 1926. Daga baya ya ƙara da digiri na biyu a Jami'ar Brown a 1931, da na dakta a 1936.

Paris ɗin da ya tarar ta bambanta da garinsu. Shekaru kaɗan kafin zuwansa, a 1921, René Maran, baƙar fata mai asali daga Guyana ta Faransa kuma ma'aikacin mulkin mallaka a tsakiyar Afirka, ya ci babbar lambar adabi ta Goncourt da littafinsa Batouala, wanda gabatarwarsa ta tona cin zalin da ake yi wa talakawan ƙasashen mallaka. Cook ya ƙulla abota mai tsawo da Maran. Ta wannan hanya ya gane cewa Faransanci ya daɗe da fita daga hannun Faransawa kaɗai: akwai jikokin bayi da ƴaƴan ƙasashen mallaka da ke rubutu da shi, suna kuma mayar wa masu shi martani da shi.

Abin da ya shigar cikin aji

Ya fara koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washinton a 1927, sannan ya koma Jami'ar Atlanta daga 1936 zuwa 1943, inda ya yi zamani da W. E. B. Du Bois, ya kuma yi rubutu a mujallar Phylon da Du Bois ya kafa a 1940. Dukan jami'o'in biyu na baƙaƙen fata ne. Matsalar da ya tarar sananniya ce ga duk wanda ya koyi harshen Turawa a ƙasar da aka mallaka: littattafan karatu cike suke da sarakunan Faransa da gidajen Paris, ɗalibi ya yi shekaru yana haddace nahawu bai taɓa cin karo da mai kama da shi a shafi ba.

Cook ya magance wannan da rubuta littattafan da babu su. A 1934 ya fitar da Le Noir, tarin zaɓaɓɓun rubuce-rubucen marubutan Faransa 29 a kan baƙar fata, domin ɗalibai su koyi harshen ta hanyar batun da ya shafe su. A 1943 ya wallafa Five French Negro Authors, nazari a kan mutum biyar: Julien Raimond, Cyrille Bissette, Alexandre Dumas, Auguste Lacaussade da René Maran. Masu karatu da yawa a Amurka sun san labaran Dumas ba tare da sanin cewa kakarsa baiwa ce baƙar fata a tsibirin da ya zama Haiti ba. A yau sashen adabin ƙasashe masu amfani da Faransanci abu ne da aka saba gani a jami'o'in duniya. A lokacin da Cook ya fara, irin wannan fage ba shi da ko suna, kuma yana cikin waɗanda suka share masa fili.

Haiti da matsalar raɓa

A 1943 aka tura shi Haiti domin ya kula da shirin koyar da Ingilishi a makarantun ƙasar, ya zauna har 1945. Bai yi shekara goma ba da sojojin Amurka suka janye daga can, bayan mamayar da ta ɗauki daga 1915 zuwa 1934. Haiti ta nuna masa yanayin harshe da zai sake tararwa a Afirka: Faransanci shi ne harshen hukuma da kotu da makaranta, amma tsiraru ne suka mallake shi, alhali jama'a kaf suna magana da Kiriyol. Abin da ya gani ya zama littafinsa Education in Haiti na 1948.

A can ne kuma ya haɗu da aikin da ya fi gwada shi a matsayin mai fassara. Jacques Roumain, marubuci kuma ɗan siyasar Haiti, ya rasu a 1944, aka buga ƙagaggen labarinsa Gouverneurs de la rosée bayan rasuwarsa. Labarin wani saurayi ne, Manuel, da ya dawo ƙauyensu bayan shekara goma sha biyar yana saran rake a Kuba. Ya tarar fari ya cinye gonaki, tsohuwar gaba kuma ta raba dangi gida biyu. Ya nemo idon ruwa a cikin duwatsu, amma janyo ruwan zuwa gonaki ya fi ƙarfin ɓangare ɗaya, sai an yi aikin gayya, wanda mutanen Haiti ke kira kumbit. Manomin Maraɗi ko na Tawa ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan labari, domin ya san fari, ya san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wahalar fassarar tana cikin harshen littafin. Manoman Roumain da Kiriyol suke magana a zahiri, shi kuwa da Faransanci ya rubuta, sai ya lanƙwasa Faransancin ya ɗauki gaisuwarsu da karin maganarsu da tsarin jimlarsu. Ko sunan littafin daga Kiriyol ya samo asali, inda gwamnan raɓa ke nufin wanda ke kula da rabon ruwan ban gona. Mai fassara yana tsakanin ramuka biyu. In ya sa manoman su yi tsabtataccen Ingilishi na makaranta, ya shafe su. In ya ba su karin harshen baƙaƙen kudancin Amurka, ya ɗauke su daga ƙasarsu ya kai su wata. Cook ya yi aikin tare da mawaƙi Langston Hughes, ɗaya ya kawo sanin Faransanci da na Haiti, ɗayan ya kawo kunnen sha'iri, suka zaɓi Ingilishi mai sauƙi da ke barin wasu kalmomin asali a wurinsu. Fassarar ta fito a 1947 da sunan Masters of the Dew, kuma ta hanyarta ne masu karanta Ingilishi suka san Roumain. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin juya tatsuniyar Hausa ko kirari zuwa Faransanci ya san irin wannan tsaka mai wuya.

Taron Paris na 1956

Cook ya koma Howard a 1945. A watan Satumba na 1956 Alioune Diop, wanda ya kafa mujallar Présence Africaine, ya kira taron farko na marubuta da masu fasaha baƙaƙen fata a Sorbonne. Léopold Sédar Senghor, Aimé Césaire, Frantz Fanon, Cheikh Anta Diop da Amadou Hampâté Bâ duk sun halarta. Cook yana cikin ayarin Amurka tare da Richard Wright, John Davis da Horace Mann Bond, kuma yana cikin ƙalilan da ke iya bin muhawarar a harsunan biyu ba tare da tafinta ba.

Taron bai tafi lami lafiya ga Amurkawan ba. Gwamnatinsu ta hana Du Bois fasfo, shi kuwa ya aiko da saƙo yana gargaɗin cewa baƙar fatar Amurka da aka bari ya fita waje, ko dai ya yi shiru a kan wariya ko ya faɗi abin da hukuma ke so. An karanta saƙon a gaban jama'a, Cook da abokan tafiyarsa suna zaune. Bayan haka Césaire ya yi jawabi inda ya kwatanta halin baƙaƙen Amurka da na ƴan mulkin mallaka. Cook da Davis sun ƙi yarda. A ganinsu su ƴan ƙasa ne da ke neman haƙƙinsu a cikin ƙasarsu, kuma hanyar gwagwarmayarsu ta bambanta da ta mai neman korar baƙo. Wannan saɓani ya fito da matsayin da Cook zai riƙe har ƙarshen aikinsa: yana ƙaunar Afirka da adabinta, amma bai taɓa sakin zamansa Ba'amurke ba.

Bayan taron aka kafa ƙungiyar Amurkawa ta raya al'adun Afirka, AMSAC, ya zama wakilinta a ƙetare daga 1958. A 1960 ya shugabanci sashen Afirka na wata ƙungiyar da ke Paris mai rajin ƴancin al'adu, Congrès pour la liberté de la culture. Shekaru kaɗan bayan haka, tsakanin 1966 da 1967, jaridun Amurka suka bankaɗo cewa ƙungiyoyin biyu suna samun kuɗi a asirce daga hukumar leƙen asiri ta CIA. Wannan tonon silili ya jefa inuwa a kan malamai da marubuta da yawa na Afirka da Amurka da suka yi aiki da su ko suka ci moriyar tarukansu da mujallunsu. Ya kuma tabbatar da cewa a zamanin yaƙin cacar baka, fassara da taron adabi ma fagen daga ne.

Yamai, 1961 zuwa 1964

Tsawon shekaru, Amurka ba ta aika baƙar fata wakilci sai Haiti ko Laberiya. Edward Dudley ne ya fara samun cikakken muƙamin jakada, a Laberiya, a 1949. Guguwar ƴancin kai ta Afirka ce ta sauya lissafin. A 1959 aka tura John Morrow, shi ma malamin Faransanci, zuwa Gine ta Sékou Touré. Ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci sun samu ƴanci a 1960, Washinton kuwa ba ta da isassun mutanen da suka san harshen suka kuma san shugabannin. Cook ya san duka biyun.

A Yamai ya tarar da gwamnatin malaman makaranta. Shugaba Diori Hamani malami ne da ya fito daga makarantar William Ponty ta Senegal, ya kuma taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris, a makarantar da ke horar da jami'an mulkin mallaka. Shugaban majalisar dokoki, Boubou Hama, shi ma malami ne kuma marubucin tarihi da al'adun gargajiya. Jakadan da ya san adabin Négritude ciki da waje, wanda ke magana da Faransanci irin na masana, bai rasa abokan hira a cikinsu ba.

Amma ƙasar da ya zo ba fagen Amurka ba ce. Kuɗin da ake kashewa, da sojojin da ke jibge, da mashawartan da ke ma'aikatu, duk suna ɗaure da Faransa. Gyaɗar yankunan Maraɗi da Damagaram ce babbar hajar da ake fitarwa, kuma Faransa ce babbar mai saye. Babu jami'a tukuna, sai a farkon shekarun 1970 aka buɗe ta Yamai. A fagen siyasa an haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, Djibo Bakary yana gudun hijira. Abin da jakadan Amurka ke iya kawowa taƙaitacce ne. Daga abubuwan da suka fara a zamaninsa akwai zuwan matasan sa kai na Corps de la Paix a 1962, waɗanda rukuninsu na farko malaman Ingilishi ne, irin aikin da shi kansa ya jagoranta a Haiti shekara ashirin baya.

Nauyin da ya fi kowane kuwa daga gida yake zuwa. A shekarar da aka naɗa shi, an hana jakadan Cadi, Adam Malick Sow, shan gahawa a wani gidan abinci da ke kan hanyar New York zuwa Washinton saboda launin fatarsa, labarin ya bazu a Afirka. A 1963 hotunan ƴan sanda suna sakar wa yara baƙaƙe karnuka da mesar ruwa a Birmingham ta jihar Alabama suka zagaye duniya. Cook yana wakiltar ƙasar da, a jihohinta na kudu, za a iya hana shi kansa ɗaki a masauki. Jakada ɗan aike ne, maganar wanda ya aiko shi yake ɗauka. Shi kuwa kasancewarsa baƙar fata tana cikin saƙon: gwamnati tana nuna shi a matsayin shaidar cewa al'amura suna gyaruwa, masu sauraro kuma suna da damar tambayar ko hakan gaskiya ne. Yana kan wannan aiki aka yi gangamin Washinton na Agustan 1963, aka kashe Kennedy a watan Nuwamba, kuma sai a Yulin 1964 aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. A 1963 ɗin ya kasance cikin ayarin Amurka a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Da zai bar Nijar a 1964, gwamnati ta ba shi lambar girma.

Akwai kuma iyakar da harshen kansa ya gindaya. Faransancin da ya buɗe wa Cook ƙofar fadar shugaban ƙasa harshen tsiraru ne a Nijar ta wancan lokaci. Kasuwa da gona da zauren mai gari da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci suke gudana. Hulɗar jakadanci gaba ɗaya tana yawo ne a saman wannan teku, tsakanin ƴan boko da ƴan boko. Sai a 1966, bayan tafiyarsa, masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO domin daidaita haruffan rubuta waɗannan harsuna.

Dakar: tsakanin fada da kurkuku

Shugaba Lyndon Johnson ya mayar da shi Senegal a 1964, sannan aka haɗa masa da Gambiya bayan ta samu ƴanci a watan Fabrairun 1965. Ba kasafai jakada ke isa ƙasa yana mai fassara littattafan shugabanta ba. Cook ya riga ya juya rubuce-rubucen Senghor a kan gurguzun Afirka zuwa Ingilishi, littafin On African Socialism ya fito a 1964. Ya kuma fassara littafin Mamadou Dia a kan ƙasashen Afirka da haɗin kan duniya, wanda ya fito a 1961. Sai dai a Disambar 1962 mutanen biyu sun ɓata, aka kama Dia, shugaban gwamnati, aka ɗaure shi a Kédougou. Cook ya iso Dakar marubucinsa ɗaya yana fada, ɗayan yana kurkuku.

A watan Afirilun 1966 Dakar ta karɓi bikin duniya na farko na fasahar baƙaƙen fata. Langston Hughes, abokin fassararsa, ya zo. Duke Ellington, wanda ya ɗauki mahaifin Cook a matsayin malaminsa a kiɗa, ya zo da makaɗansa. A wannan shekarar Cook ya ajiye aikin jakadanci, ya koma Howard ya shugabanci sashen harsunan da suka samo asali daga Latin har ya yi ritaya a 1970.

Aikin ƙarshe

Ritaya ba ta raba shi da alƙalami ba. A 1969 shi da Stephen Henderson suka wallafa nazari a kan marubuta baƙaƙe ƴan gwagwarmaya a Afirka da Amurka. A 1974 ya fitar da fassarar da ta fi kowace tasiri: The African Origin of Civilization, wadda ya haɗa daga zaɓaɓɓun babuka na littattafan Cheikh Anta Diop biyu, Nations nègres et culture da Antériorité des civilisations nègres. Diop abokin hamayyar Senghor ne a siyasar Senegal, amma hakan bai hana Cook ɗaukar maganarsa ba. Hujjojin Diop a kan cewa tsohuwar Masar wayewar baƙar fata ce, da dangantakar da ya ƙulla tsakanin harshenta da Wolof, har yau ana jayayya a kansu tsakanin masana tarihi da na harsuna. Abin da ba a jayayya a kai shi ne cewa kusan shekara ashirin mafi yawan aikin Diop yana kulle cikin Faransanci, kuma fassarar Cook ce ta kai shi ga ɗaliban Amurka, Najeriya, Gana da sauran masu karanta Ingilishi. Diop ɗin da suka sani shi ne wanda Cook ya zaɓo musu babi bayan babi, kuma wannan iko ne da mai fassara ke riƙe da shi ko da sunansa da ƙananan haruffa aka rubuta a bango.

Mercer Cook ya rasu a Washinton ranar 4 ga Oktoba 1987, yana da shekara 84. Shekara biyar kacal ya yi yana jakada, uku daga ciki a Yamai, ya kuma yi kusan arba'in yana koyarwa. Rahotannin da ya aika gida daga gaɓar kogin Kwara suna ajiye a ɗakunan adana takardun gwamnati. Littafin Roumain da na Diop kuwa har yanzu ana buga su, ana karanta su a ajujuwa, cikin kalmomin da shi ya zaɓa.